Ƙafar Ekrem Mai Zuma

Bosanska Krupa, 9 ga Maris, 2010

'Yata Nermina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da aikinki da mutanen Porto. Mu nan sai godiya. Innarki Fikreta tana fama da gwiwarta kamar kullum, ni kuma ciwon sukarin yana nan, mun saba da juna. Ƙanƙara ta narke, kogin Una ya cika har ya shiga lambun maƙwabta, Fikreta ta ce alhakin tuffar da suka hana ta ne bara.

Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Tun ranar da nakiyar nan ta ɗauke mini ƙafa kunnena bai sake zama na kirki ba. In muna waya ni ina ihu ke kina ihu, a ƙarshe ban san me aka ce ba. Takarda kuwa sai in ajiye in sake dubawa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shekara goma sha uku ke nan ina haɗa wa mutane ƙafar roba a shagon nan, amma kin sani, kwarmin da dungu ke shiga kawai nake yi, tafin ƙafar daga waje ake sayo shi. Na roba ya ishi mai tafiya a kan kwalta. Mai hawa dutse kuwa sai na zaren kabon, wanda yake lanƙwasa in an taka ya miƙe da kansa, shi kuma mutanenmu sai su shekara uku a layi bai zo kansu ba. To a kaka, wani mai ƙera jiragen ruwa da na taɓa yi wa ƙaninsa aiki ya aiko mini da naɗi guda na yadin kabon, da garwar danƙon da ake jiƙa shi. Na yi tafi uku da ka, ba lissafi. Biyu sun fito kamar katako, na ukun ya tsage da na sa shi a matsa. Yadin ya kusa rabi, ba ni da na ɓarnatarwa.

Bara da kika zo hutu kin nuna mini hotunan wata manhaja a kwamfutarki, wadda ake zana abu a ciki, a gaya mata nauyin da zai ɗauka, ita kuma ta nuna da ja inda zai karye tun ba a yanka zare ko ɗaya ba. Ita nake so ki kwafo mini a faifai. Ina da kwamfutar da kika bar mana.

Ba don kaina ba ne. Kin tuna Ekrem mai zuma, na can saman tudu? Akwatunan ƙudansa arba'in duk a gangare suke, ƙafar da na yi masa kuwa ba ta son gangare. Makon jiya ya shigo ya cire ta ya ɗora mini a kan tebur, ya ce, "Zijad, wannan ƙafar liman ce, daga gida sai masallaci. Ni ta akuya nake so." Na ce to ya fara tsirar da ƙaho tukuna. Muka yi dariya, amma na ga dungun nasa, duk ya saɓule.

Innarki ta ce ki riƙa cin abin kirki, kifi kullum ba abinci ba ne.

Kawunki,
Zijad

Porto, 2 ga Afrilu, 2010

Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, ban da mura da ruwan saman nan ya sa mini. Ka gaishe da Inna, ka ce ta daina hawa bene da kwandon wanki. Kai kuma sukarin nan da ka ce kun saba, yaushe rabonka da likita?

Na yi murna da jin ka samu yadin kabon, na kuma yi dariyar ƙafar liman har abokiyar ofishina ta tambaye ni lafiya. Amma maganar manhaja, Kawu, ka yi haƙuri, ba tawa ba ce da zan bayar. Mu tara muka gina ta cikin shekara huɗu, kamfanoni biyu masu ƙera fikafikan jirgin sama ne suka ɗauki nauyin aikin, kuma duk mun sa hannu cewa ba za ta fita daga ginin nan ba. In na kwafo maka, ba ni kaɗai abin zai shafa ba. Ban da haka ma, wannan ba kayan ƙaramin shago ba ne.

Ka sani ba ni kaɗai ke jin zafin rufe ta ba. Ni da wata babbar malama a nan, Graça, mun daɗe muna cewa a fitar da wani sashe kyauta ga masu ƙananan sana'o'i, masu yin ƙafafu da kwale-kwale da kekunan guragu. Kowane ɗakin bincike a nahiyar nan yana gina irin tasa a ɓoye, kowa yana maimaita kuskuren da maƙwabcinsa ya riga ya yi. Duk lokacin da muka tayar da maganar shugabanmu sai ya cire tabarau ya ce, "Na ji ku, amma ba bana ba." Bara ma haka ya ce.

Ga abin da zan iya yi. Na nemi izini, an yarda in yi maka lissafin da kaina ranar hutu. Ka aiko mini da nauyin Ekrem, da tsawon ƙafarsa mai lafiya, da lambar da ke jikin naɗin yadin da ta garwar danƙo, da zafin da tandarka take kaiwa. Kada ka sake yanka komai sai ka ji daga gare ni.

'Yarka,
Nermina

Bosanska Krupa, 11 ga Mayu, 2010

Nermina,

Muna lafiya, da fatan murar ta sake ki.

Nauyin Ekrem kilo casa'in da huɗu, in ya ɗauki akwatin ƙuda ki ƙara ashirin. Sauran awon da lambobin suna bayan takardar nan.

Ƙaramin shago yana gaishe ki. A cikinsa kika koyi riƙe almakashi, a kan teburinsa kika yi karatun jarrabawarki bayan rasuwar uwarki, don kin ce ƙarar injin ta fi miki shirun gida. Amma gaskiya kika faɗa, ƙarami ne. Na auna shi jiya, taku shida a tsawo, huɗu a faɗi.

Na yi wata guda ina tunanin ko in amsa ko in bari. Ekrem ne ya sa na amsa.

Zijad

Porto, 6 ga Yuni, 2010

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ni lafiyata ƙalau, sai dai takardarka ta hana ni cin abinci ranar da ta zo.

Wallahi ba abin da nake nufi ke nan ba. Nufina manhajar ba ta tashi sai a kan wata ƙatuwar kwamfuta da ke da ɗakinta da na'urar sanyaya ta, tsohuwar da na bar muku ko buɗe ta ba za ta iya ba. Na rubuta cikin sauri ban ƙarasa maganar ba. Duk abin da na sani game da zare da danƙo daga hannunka na fara ganinsa. Ranar da aka ɗauke ni aiki a nan, an miƙo mini wani guntun fiffike aka ce in faɗi me ke damunsa. Na ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa kamar yadda kake yi, na ce akwai iska a ciki. Ba a makaranta na koyi wannan ba. Ka yafe mini.

Na yi lissafin, na gwada shi sau bakwai. Zanen da cikakkun lambobin suna cikin takardun da na haɗo, amma na san ba ka son ƙananan rubutun inji, don haka ga muhimman nan da hannuna. Wajen yatsu ka jera yadin falle 6. Dunduniya falle 8. Wuyan tafin, inda yake lanƙwasa ya ɗauki nauyin duka, falle 18. Ka bi kibiyoyin zanen wajen shimfiɗa zaren, mafi yawa a tsaye, saura a gicciye. Ka gasa shi awa takwas, ka bar shi ya huce a cikin tandar, kada ka yi gaggawar buɗewa.

Ƙarshen watan gobe zan tashi daga gidan nan, mai gidan zai sayar. In na samu wani zan aiko da adireshin.

Ka ce wa Ekrem akuyar tana tafe.

'Yarka da ba ta iya magana ba,
Nermina

Bosanska Krupa, 3 ga Agusta, 2010

'Yata Mina,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu lau, zafi ne kawai. Innarki ta cika gidan da kwalaben tumatir, ko wurin ajiye sanda babu. Maganar nan ta wuce, ni ma tsufa ne ya sa nake tsintar faɗa a inda babu. Sai dai rubutunki ya ƙanƙance, ko kuwa tawadar Porto ce ba ta da ƙarfi.

An yi ƙafa. Na so a ce kina nan da na buɗe tandar. Baƙa wuluk, tana sheƙi, ba nauyi kamar cokali. Na sa ta a matsa ta lanƙwasa ta dawo. Na ɗaura ta a nawa dungun na yi kwana biyu ina yawo da ita, har kasuwa. Gaskiya manhajarku ta san abin da take yi. Ban taɓa zaton falle goma kacal a wuya za su ɗauki ƙato irin Ekrem ba, da ni ne da ashirin zan zuba.

Ranar Alhamis ya zo. Na ɗaura masa, ya miƙe, ya yi taku uku ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya ce, "Turo ni take yi." Na ce haka aka yi ta. Ya fita waje, ya gangara har bakin kogi ya hauro, ya sake gangarawa. A karo na uku Fikreta ta leƙo ta taga ta ce, "Ekrem, in budurwa kake nema ba a nan take ba." Ya ce, "Ki bari, Fikreta, shekara goma sha uku rabona da in ji ƙasa tana amsa mini." Da ya dawo ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hularsa. Na yi kamar ina neman wani abu a aljihun tebur har ya gama.

Jiya surukinsa ya sauko gari, ya ce mutumin ya hana kowa sakat, tun hantsi yana cikin akwatunansa, wai har tsohuwar gonar ubansa ya hau.

Akwai sauran yadin da zai yi biyu. Akwai wata mata a ƙauyen gaba, malamar makaranta ce, ita nake tunani. In kin samu sarari zan aiko da awonta.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

Porto, 4 ga Oktoba, 2010

Kawu,

Allah ya sa kuna lafiya. Yau takardarka ta Agusta ta zo hannuna. Tsohon gidan ta je, ta yi wata biyu a akwati, sai yau sabon mai gidan ya kawo mini ofis. Laifina ne, ban aiko da adireshin ba, aiki ya sha kaina.

Kawu, falle goma sha takwas na rubuta a wuya, ba goma ba. GOMA SHA TAKWAS. Da na gani na ruga na sa goma a manhajar. Ba za ta karye ranar farko ba, kuma a ƙarƙashinka ba za ta karye ba don ba ka da nauyi. Amma a jikin Ekrem zaren zai riƙa tsinkewa kaɗan-kaɗan daga ciki, ba a gani, har ranar da za ta tafi gaba ɗaya.

Ka karɓe ta daga wurinsa yau, ko da faɗa ne. Na kira wayar gida sau goma sha ɗaya ba wanda ya ɗauka. Ina kuke? Zan aika wannan ta masu kai saƙon gaggawa, kuma zan ci gaba da kira.

Nermina

Bosanska Krupa, 14 ga Nuwamba, 2010

Nermina 'yata,

Innarki ce Fikreta. Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da rubuta wasiƙa tun kawunki yana soja. Jikina da sauƙi. Ranar da na ɗauki wayarki na ce miki kawai Ekrem ya faɗi yana asibiti, don kawunki yana tsaye a kaina. Yanzu ya fita, bari in gaya miki duka.

Takardarki ta zo a makare da mako biyu. Ran ashirin da ɗaya ga Satumba Ekrem yana sauko da akwatunansa ƙasa saboda sanyi, yana ɗauke da ɗaya a ƙirji, ƙafar ta karye. Ya gangara da shi da akwatin. Ƙugunsa ya karye ta ɓangaren ƙafarsa mai lafiya, ƙudan kuma suka rufe shi. Tun safe yake kwance a wurin sai bayan la'asar surukinsa ya same shi. An yi masa aiki sau biyu a Bihać. Lokacin da kike ta kira muna can, kullum muke bin motar safe mu dawo da yamma.

Kawunki ya ɗauka shi ne bai gasa ta daidai ba. Wani lokaci kuma ya ce ko manhajar ce ta yi kuskure, sai ya yi saurin cewa a'a, Mina ta gwada sau bakwai. Da takardarki ta zo ya shiga shago da ita kamar yadda ya saba, ya rufe ƙofa. Can sai ga shi ya fito da waccan ta Yuni, ya ɗora yatsa a wani wuri ya ce, "Fikreta, karanta mini lambar nan." Na ce sha takwas. Ya ce, "Sake dubawa." Na ce, "Ɗaya da takwas, Zijad, ga su nan ƙiri-ƙiri." Ya zauna a bakin matakala har aka kira magariba.

Washegari da nake share shagon na buɗe aljihun tebur, na ga gilashin ƙara girman rubutu har guda uku, da takardar likitan ido tun ta watan Janairu. Sukarin ya ci idonsa, 'yata. Na hagu ya kusa tafiya, na dama tsakiyarsa duhu ne, gefe-gefe yake gani. Wata tara yana ɓoye mini, muna kwana ɗaki ɗaya. Na sha ganin yana zuba gahawa a gefen kofi, ina yi masa tsiya wai hannunsa ya tsufa. Na ce don me ka ɓoye? Ya ce, "In aka ji mai yin ƙafa ba ya gani, wa zai kawo masa dungunsa?" Na ce to ai ni ba dungu na kawo maka ba, ni matarka ce. Ban taɓa yi masa tsawa irin ta ranar ba.

Da kansa ya je ya gaya wa Ekrem, ina tsaye. Bai rage komai ba, har gilasan ya faɗa. Ekrem ya juya fuska bango. Sannan ya ce, "Mako bakwai na yi ina tafiya kamar mutum. Je ka gida, Zijad, na gaji." Har yau ban san yafewa ce ko kora ba, shi ma kawunki bai sani ba.

Ya rufe shagon, ya aika wa masu jira su tafi Bihać. Ya ce kada ki zo hutun ƙarshen shekara. Ba fushi yake da ke ba, kunyarki yake ji.

Ki yi mana addu'a.

Innarki

Porto, 9 ga Janairu, 2011

Kawu,

Ina gaishe ka da jiki, ina gaishe da Inna wadda na san ita za ta karanta maka wannan. Ni ina nan. Na bi maganarka ban zo ba, na yi hutun a ɗaki.

Ka ɗauki laifin duka ka ɗora wa kanka, to ka rage mini nawa. Da na rubuta lambar da kalmomi, da na aiko da adireshi a kan lokaci, da takardarka ta same ni a Agusta, da yanzu Ekrem yana kan tudunsa. Na tambaye ka likita sau ɗaya, ba ka amsa ba, ni kuma ban sake tambaya ba don na ji daɗin mun shirya.

Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai. Da manhajar tana hannunka, da ka sa goma da kanka, da allon ya yi ja gaba ɗaya, ja kuwa ko da gefen ido ana ganinsa. Wannan na faɗa a taron da aka yi da mutanen kamfanonin a watan jiya. Ban yi niyya ba, Graça ce ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ba su labarin tun daga farko, ban faɗi sunanka ba. Shugabanmu ya ce, "Wannan ai hujja ce ta kada a ba kowa. Kin ga abin da lamba ɗaya ta yi a hannun wanda ba injiniya ba." Na ce masa mutumin ya fi mu duka sanin kayan nan, abin da ya rasa shi ne abin da zai duba masa aikinsa, mu kuma muna da shi mun kulle a ɗaki. Ban san sauran abin da na ce ba.

Wani dattijo daga ɗaya kamfanin ya tambaye ni nauyin mai zumar, ya rubuta a takardarsa. Bayan mako biyu suka aiko cewa sun yarda a fitar da ƙaramin sashe, wanda ya shafi ƙafafu da makamantansu, kyauta ga duk mai so. Fikafikansu suna nan a kulle, wannan ba ruwana.

Shi nake ginawa yanzu, yadda zai tashi a kan kowace tsohuwar kwamfuta. Lambobin manya ne, kowace da kalmominta a ƙasa, kuma yana faɗar su da murya. Ba zai ba mutum zane ba sai ya sake rubuta adadin fallen da hannunsa. Ban san ko wannan zai yi maka daɗi ko zafi ba. Ni dai ban iya zama haka nan ba.

Ka aiko mini da amsa, ko da faɗa ne.

Nermina

Porto, 20 ga Maris, 2011

Kawu,

Da fatan kuna lafiya. Wata biyu ke nan ban ji daga gare ka ba, Inna kuma a waya ba ta wuce "yana nan, yana cin abinci."

An fitar da manhajar ranar Litinin. Shaguna bakwai sun ɗauka, ɗaya a Tuzla, wurin wata mata mai suna Amra. Ta rubuto da tambayoyi a kan gasa tafi a tanda waɗanda ni ban san amsarsu ba, kai ka sani. Na ba ta adireshinku. In ba ka so, ka kore ta.

Nermina

Bosanska Krupa, 22 ga Mayu, 2011

'Yata,

Assalamu alaikum. Ni ke faɗa, innarki ke rubutawa, in kin ga kuskure nata ne. Jiki da sauƙi. An yi wa idon dama aiki a Afrilu, likita ya ce an tsayar da abin a inda yake, wanda ya tafi kuwa ya tafi. Ina bambanta rana da inuwa, ina ganin motsin mutum.

Ban amsa ba don ban san me zan ce ba. Ki daina raba laifin nan biyu. Ke kin rubuta daidai. Ni na san idona, kuma innarki tana ɗaki na gaba, taku biyar ne tsakaninmu, girman kai ya hana ni cewa ta duba mini. Wannan nawa ne, ki bar mini shi.

Ekrem ba zai sake tafiya ba, ƙugun bai haɗu yadda ake so ba. Yana wurin 'yarsa a Bihać, bene hawa na uku, a keken guragu. An sayar da ƙudan. Na yi wata huɗu ban je ba, sai ya aiko surukinsa ya ce, wai makahon nan jira yake gurgu ya zo gaishe shi? Yanzu duk Juma'a ta biyu muna zuwa. Yana zaune a bakin taga, yana gaya mini abin da ke wucewa a titi, rabi ƙarya. Bai taɓa tayar da maganar ƙafar ba, ni ma haka. Wani zuwan yana da fara'a, wani zuwan ko gahawa ba ya sha, sai mu yi zamanmu har lokacin mota ya yi.

Amra ta zo, ban kore ta ba. Ta kawo tafin da ta yi da manhajarki, ta sa mini a hannu. Na shafa, na ƙwanƙwasa, na ce ta yi saurin buɗe tanda. Ta ce ya aka yi na sani? Na ce ta zauna. Ta kwana biyu a nan. Ta kunna mini abin na ji yana faɗar lambobi da muryar wata mata mai mura. Na ba ta sauran yadin da matsar da almakasaina, na kuma haɗa ta da malamar makarantar nan. Aiki mai kyau kika yi, Mina. Na so a ce ya zo da wuri, ke ma na san haka kike so. Amma zai yi wa wasu amfani.

Ki zo a Yuli. Ɗakinki yana nan, sai dai ki kwana da kwalaben tumatir.

Kawunki,
Zijad

Nermina, ni ce Fikreta, ya fita tsakar gida, wannan bai san na ƙara ba. Abin da ya ce yana ganin motsin mutum, a da ne, yanzu sai an matso sosai. Tun da ya yanke shawarar ki zo, kullum da safe sai ya sa ni in tsaya a bakin ƙofar gida in yi sallama, shi kuma ya taso daga benci ya ƙirga takunsa har wurina ba sanda, ya miƙo hannu daidai kafaɗata. Jiya sau shida muka yi. So yake ya tarbe ki da kansa kamar yadda ya saba.

In kin iso, kada ki shigo shiru, kuma kada ki rugo wurinsa. Ki tsaya a bakin ƙofa ta ɓangaren dama, ki ajiye jakarki, ki yi sallama da ƙarfi saboda kunnen nan. Sai ki jira shi a wurin. Taku goma sha huɗu ne, yana yinsu a hankali.